So Duk So Ne, Amma Son Kai Ya Fi

Jama'a, sau da yawa mu kan ji manyan ƙasashen duniya suna cewa wai sun tsoma baki cikin al'amarin wata ƙasa ne don su tsare 'yancin mutanenta. Mu dai abin da mu ke cewa kullum shi ne, a bari ƙura ta lafa, sa'an nan a duba wanda ya tashi da riba. A wannan mako za mu tuna muku labarin Iran, domin a can ne Rasha da Amurka duk suka nuna halinsu a kan man fetur.

Rasha ce ta fara. Cikin 1941 sojanta da na Ingila suka shiga Iran, daga baya aka yi alkawari za su fita cikin wata shida bayan ƙarewar yaƙin duniya. Yaƙi ya ƙare, Rasha ta ƙi ɗagawa daga arewacin ƙasar, sai a 1946, bayan an yi mata alkawarin rabo cikin man arewa. Da sojanta suka fita, Majalisar Iran ta yi watsi da yarjejeniyar a 1947. A wannan karon Amurka ta tsaya wa Iran, har aka yi ta yabonta.

Man kudu kuwa yana hannun wani kamfanin Ingila, Anglo-Iranian. Harajin da kamfanin nan ya ke biyan gwamnatin Ingila ya fi abin da ya ke ba masu man. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Cikin 1951 Majalisar Iran ta mai da man ya zama na ƙasa, Muhammadu Musaddak kuma ya zama Firayim Minista. Ingila ta hana a sayi man Iran, ta kuma nemi Amurka ta taya ta a tumɓuke shi. Shugaba Truman ya ƙi.

Sai Turawan Ingila suka sake waƙa. Suka bar zancen mai, suka koma cewa in ba a yi sauri ba 'yan Kwaminis za su cinye Iran. Shugaba Eisenhower, wanda ya hau a 1953, ya yarda. 'Yan leƙen asirin Amurka, wato CIA, da na Ingila suka zuba kuɗi, aka sayi jaridu da hafsoshi, aka yi hayar 'yan tarzoma. Ran 19 ga Agusta, 1953, aka kā da Musaddak. Aka ɗaure shi shekara 3, sa'an nan aka tsare shi a gidansa na ƙauye har ya rasu a 1967.

Ba mu ce tsoron Rasha ƙarya ne tsantsa ba, gama a wancan zamani tana maƙwabtaka da Iran, kuma jam'iyyar Kwaminis ta Tudeh tana da ƙarfi a lokacin. To, amma ku dubi rabon da aka yi a 1954. Kamfanin Ingila, da dā shi kaɗai ke cin man, ya koma kashi 40 cikin ɗari. Kamfanonin Amurka, da ba su da ko ɗigo, suka sami kashi 40. Shell ya sami 14, kamfanin Faransa 6. Ashe wanda ya zo ceto har abokin tafiyarsa bai bari ba.

Mutanen Iran kuwa abin da suka samu shi ne mulkin Shah na shekara 25 da 'yan sandan cikinsa. A 1979 suka kore shi, ɗalibai suka kama ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka suka tsare su kwana 444. Sai a 2013 CIA ta fito da takardun da ta amsa cewa da hannunta cikin juyin mulkin.

Saboda haka mu ke kira ga duk ƙasar da Allah ya hore wa arziki a ƙarƙashin ƙasa, ta yi hattara. In babbar ƙasa ta zo da tayin taimako, a karɓe ta da mutunci, amma a tambaye ta abin da ta ke so, a rubuta, a karanta a gaban majalisa kowa ya ji. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.