Me Ke Sa Kayan Aikin Masu Rubuta Manhaja Su Yi Nauyi?

Yau ina so mu duba wani kuka da ya yi yawa a bakin masu sana'ar rubuta manhaja, watau umurnin da kwamfuta ke bi ta yi aiki. Su kan ce da safe kayan aikinsu na gudu kamar barewa, amma kafin la'asar ko harafi mutum ya buga sai ya jira kafin ya bayyana. Da yawa su kan ce injin ne ya tsufa. Ni kuwa a ganina sau da yawa injin ba shi da laifi, yoyo ne.

Ga yadda abin ya ke. Ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar gidan fatoma ta ke, ɗakunanta ƙidayayyu ne. Kowace manhaja in za ta yi aiki sai ta ari ɗaki, in ta gama ta mai da mabuɗi. To, idan ta riƙa ara ba ta mayarwa, shi a ke kira yoyo. A ce megabait 1 ke salwanta kowane minti. Wa zai kula? Amma cikin awa 8 ya zama 480, in kuwa an bar abin a buɗe kwana 5 dare da rana, ya kai 7,200. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da ɗakuna sun cika, sai kwamfuta ta shiga jidar kaya zuwa faifai tana komowa da su, alhali faifai bai kama ƙafar ƙwaƙwalwa wajen sauri ba. Daga nan nauyin ke fitowa.

A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a Amurka wajen 1972, mai rubutu shi ke ara da hannunsa, shi ke mayarwa. In ya manta, shi ke nan. Akwai kuma wata dabara da ta girmi wannan, wadda John McCarthy ya ƙago wa harshen Lisp wajen 1959, watau a sa mai shara ya riƙa zagawa yana karɓe ɗakunan da aka bari. Java da JavaScript duk ita su ke bi. Amma kada a ruɗe, mai sharan ba ya taɓa ɗakin da sunan baƙo ke rubuce a littafi. In an manta ba a soke sunan ba, ko baƙon ya daɗe da tafiya ɗakin na nan a kulle.

Mu ɗauki Visual Studio Code, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 2015. An gina shi bisa Electron, wanda ke ɗauke da injin Chromium a cikinsa, saboda haka tun asali mai ci ne. Sa'an nan mutane su kan liƙa masa ƙananan manhajoji na ƙari, wani har talatin, kowace da maƙerinta. Guda ɗaya mai riƙe aro ta isa ta gurgunta sauran duka.

To, ina magani? Kashewa a sake kunnawa kamar kwashe ruwa ne daga ɗaki ba a toshe rufin ba. Sayen ƙarin ƙwaƙwalwa kuwa sauya babban kasko ne a ƙarƙashin ɗigo. Shawarata uku ce. Ta farko, a auna. A duba abin da kowane sashe ke ci da safe, a sake dubawa da yamma. Wanda ke hawa ba ya sauka, shi ne abin zargi. Ta biyu, a raba ƙananan manhajojin nan gida biyu, a kashe rabi a gani, sa'an nan a sake raba rabin da cutar ke ciki. Ko 32 ne, rabawa biyar ta isa a kama mai laifi. Tun ƙarshen 2020 aka sa wannan dabara cikin Visual Studio Code, ana kiranta Extension Bisect. Ta uku, in an kama, a rubuta wa maƙerinta, a faɗa masa dalla-dalla abin da aka yi har yoyon ya bayyana. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ina roƙon malaman da ke koya wa yara wannan sana'a su cusa musu ladabin aro tun daga darasin farko, domin mai ƙorafi a kan kayan wani yau, gobe nasa za a riƙa. Allah ya sa mu dace, amin.