Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sanya kyamarorin tsaro a Minna



Idan aiki ya yi wa ɗayanku yawa a Tunga ko Bosso, yakan tura abokin sana'a ya ƙarasa masa. Abin da ke ɓata zumuncin shi ne wanda aka tura ya bar wa kwastoman lambarsa, har ya rage masa farashi a ɓoye. Wannan cin amana ne, kuma shi ya sa manyan ayyuka ke tafiya hannun 'yan Abuja.

Ina roƙonku ku rubuta yarjejeniya kafin a ja waya: kwastoman na wane ne, nawa ne kason kowa, wa zai koma gyara, wa ke riƙe lambar sirrin na'urar. Ku sa hannu gaban shaida.