WASIƘAR HAYIN BANKI: Yaron da ya sami gurbin likita, ya nemi wani?

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni fili kamar yadda ka saba, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malamai a kan wata shawara da ta kan raba uba da ɗa kowace shekara, lokacin ɗaukar yara a jami'a. Ga maganar: yaro ya sami gurbin koyon aikin likita a Jami'ar Jihar Kaduna, an tabbatar masa, amma ransa yana Zariya, ko Kano, ko wata ƙasa a ƙetare. Shin ya riƙe na hannu, ko kuwa ya ci gaba da nema? Mutanen Hayin Banki da Kawo su kan kawo mini takardun 'ya'yansu in duba, saboda haka na ga ya kyautu in amsa wa kowa gaba ɗaya.

Da fari sai mu san cewa kwaɗayin makarantar nesa yana da asali. A 1930 aka buɗe makarantar likita a Yaba, can Ikko. Wanda ya gama a can, takardarsa ba ta aiki sai a cikin Nijeriya, mataimakin likita a ke kiransa, albashinsa kuwa bai kai na wanda ya koyo a Ingila ba. Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a Wusasa a 1912, shi ne likita na farko daga Arewa, a Birmingham ta Ingila ya yi karatunsa. A zamanin nan wanda ya ƙetare teku yana da hujja. Yau ba haka ba ne. Wanda ya koyo a asibitin Shika, da wanda ya koyo a asibitin Aminu Kano, da wanda ya koyo a nan asibitin da ke ɗauke da sunan Barau Dikko, Majalisar Likitoci ta Nijeriya ce za ta yi musu rajista, lasin ɗaya za su riƙe. Maras lafiya ba ya tambayar likita inda ya yi karatu kafin ya miƙa hannu a yi masa allura.

Amma kafin uba ya ce ɗansa ya sami gurbi, lalle ya bincika abu uku. Na ɗaya, ya ga sunan yaron a rajistar hukumar JAMB, wadda a ke kira CAPS, da aka fara aiki da ita a 2017. Alkawarin baki daga wani babba a ofis ba gurbi ba ne, kome girman rawaninsa. Yaron da aka shigar ta bayan fage ya kan sha wuya ranar da a ke kiran 'yan hidimar ƙasa. Na biyu, ya ga an rubuta karatun likita da sunansa. Sau da yawa a kan ba yaro ilmin sassan jiki ko ilmin halittu, a ce masa ya shiga tukuna, baɗi a mai da shi. Kaɗan ne a ke mayarwa. Na uku, ya tabbata Majalisar Likitoci ta yarda da makarantar, gama ita ce ke yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, inda aka wuce adadi kuwa yara ne su ke jira ba a rantsar da su ba.

Idan ukun nan sun cika, to, ra'ayina shi ne yaro ya karɓa. Ga dalili. A dokar JAMB ba a tauna taura biyu. Wanda ya karɓi gurbi, an rufe masa sauran ƙofofi a shekarar nan. Wanda ya ƙi, gurbin ya koma ga wani, shi kuwa ya shiga sahun masu jira. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, masu neman likita a cikinta sun ninka kujerunta ninkin ba ninki, sa'an nan ba ta cika duban wanda bai sa ta zaɓin farko ba. Yaron da ya saki nasa don ya gwada can, in bai dace ba, sai ya sake zama jarrabawa baɗi, babu kuwa mai lamunce masa makin bana.

Ku duba lissafin shekaru kuma. Karatun likita shekara 6 ne, sa'an nan shekara 1 ta gwaji a asibiti, da shekara 1 ta hidimar ƙasa. Wannan in babu tangarɗa ke nan. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata 9, a 2022 kuma wata 8. Hanya mai tsawo haka, ba a ƙara mata shekara da gangan saboda suna.

Maganar ƙetare kuwa, mun ga abin da ya faru. Yaƙi ya tashi a Yukren a Fabrairun 2022, ya tashi a Sudan a Afrilun 2023, aka kwaso 'ya'yanmu karatu bai ƙare ba, waɗansu suka dawo suna neman irin gurbin da a dā suka raina. Wanda ma ya gama lafiya a waje, sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci kafin ya taɓa maras lafiya a ƙasar nan.

Ban ce kada a sake nema ko ta halin ƙaƙa ba. In kuɗin makarantar ya fi ƙarfin gida, kamar yadda na jami'o'in kuɗi ya kan yi, gara a nemi mai sauƙi tun yanzu da a tsaya a aji uku hannu babu kome. In an ba yaro taimakon karatu a rubuce wanda zai ɗauke shi har ƙarshe, wannan ma hujja ce. Amma a sa alƙalami a lissafta: yaron Hayin Banki da ke karatu a cikin Kaduna, a gida zai ci tuwo, kuɗin mota kaɗai za a ba shi. Na Zariya, ko da ya ke mil 50 ne kacal daga tashar Kawo, sai ɗaki da abinci.

Saura magana ɗaya ga iyaye da malamai. Kada mu sa yaro ya zauna a kan gurbi, bai karɓa ba bai ƙi ba, yana jiran labarin wani wuri har wa'adi ya wuce. A bayansa akwai ɗan wani talaka da ke jiran kujerar, asibitocin ƙauyukanmu kuwa suna jiran su duka biyu. In zai karɓa ya karɓa da wuri, in zai bari ya bari da wuri. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma a tabbata ƙwan ba baragurbi ba ne.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa su amfani jama'a, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawun Hayin Banki, Kaduna.