Tsohuwar Land Rover ba bola ba ce

Jiya na ga tallar wata Land Rover Series III a Ingila, an gyara ta tsaf, ana neman kuɗin da zai sayi sabuwar mota. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Irinta ce ta kakanmu, mai ratsa laka da damina, wadda muka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Jikinta alminiyam ne, ba ya tsatsa. Ƙila yanzu ta zama tukwane.

Tun 1985 aka daina ƙera ta, duk wadda aka narkar ta tafi ke nan. Jama'a, mai irinta ya kira bakanike kafin ya kira mai sikeli. Ko ya kuka gani?