Tukunyar tace ruwa da aikin ɗaliban jami'a

Akwai wani salon koyarwa da ya yaɗu a jami'o'in duniya. Maimakon ɗalibi ya zauna cikin aji ya zana na'ura da ka, sai a tura shi wurin waɗanda za su yi aiki da ita. Ya zauna da su, ya duba, ya yi tambaya, ya ƙera abin gwaji ya ba su. In sun ƙi shi, ya koma ya sake. Muna goyon bayan wannan salo a sha'anin ruwan sha, amma fa da sharaɗi.

A shekarar 2005 wata malamar jami'ar MIT ta Amurka, Susan Murcott, tare da abokan aiki ƴan Gana, ta kafa ƙungiyar Pure Home Water a Tamale, inda ƙauyuka da yawa ke shan ruwan tafki. Ɗalibanta sun yi shekaru suna zuwa, suna bin gida-gida suna auna ruwa. Abin da suka tsaya a kai tukunya ce kawai, irin wadda wani masani ɗan Gwatamala, Fernando Mazariegos, ya ƙago a 1981. Ana kwaɓa yumɓu da ɓuntun shinkafa ko garin katako, a gasa. Wuta ta cinye ɓuntun, ta bar ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ruwa ya riƙa ɗiga ta cikinsu zuwa bokiti mai murfi, lita 1 zuwa 3 a awa, laka da yawancin ƙwayoyin cutar zawo kuwa su tsaya a sama. Ba lantarki, ba man inji, kuma babu uwargidan da za a koya wa riƙon tukunya.

Wanda bai tambaya ba kan yi asara. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi sun yi alkawarin dalar Amurka miliyan 16 da ɗoriya domin PlayPump, wato lilon da yara za su juya suna wasa, ruwa na hawa tanki. Kafin 2010 an iske da yawa sun lalace a Mozambik ba mai gyara, kuma inda yara suka gaji, mata ne ke tura lilon.

To, ga sharaɗin. Ɗalibi kan kammala littafinsa ya karɓi takardar shaida ya tafi, tukunya kuwa takan fashe. Wa zai sayar da wata, a wace kasuwa, kuma nawa? Aikin da bai amsa wannan ba, bai kamata malamai su ce ya ƙare ba. Idan jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suka ɗauki wannan hanya, kada su yi nisa da nema: maginan tukwane na Mirriya sun san yumɓu tun kaka da kakanni, a zauna da su tun ranar farko.

Sannan a auna ruwan kowane gari kafin a kai masa wata dabara. Tukunyar ba ta cire sinadarin da ya narke cikin ruwa. A Tibirin Gobir, cikin shekarun 1980 da 1990, ruwan wata rijiya mai zurfi ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara saboda yawan sinadarin fuluwo a ciki, alhali ruwan garau yake a ido.