Rangwamen wasan salula: a faɗa mana abin da ke ciki

Malam Edita,

Ina da rumfar cajin salula a Gazawa, bakin titin da ya taso daga Maraɗi ya bi ta Agye ya nufi Damagaram. Yara na kawo mini wayoyinsu in tura musu wasanni.

Kwanan baya wani dillali ya tallata mini wasa, wai an yi rangwame, daga jika 3 ya koma jika 1. Na ce masa me ake yi a ciki? Sai ya ce "wasa ne mai zafi, duniya ce guda". To, ƙwallo ne, tsere ne ko harbi? Ya ce in saya kawai.

Na saya. Ashe ba ya tashi sai da intanet, kuma bayan mataki na 3 sai ya nemi ƙarin kuɗi. Yaron da ya fara gwadawa, kuɗin da ya tara daga tallan gyaɗa duk suka tafi a sayen data. Ƙanena a Gidan Rumji ma haka aka yi masa.

Arha ba laifi ba ce. Amma don Allah masu sayarwa ku riƙa faɗa mana a fili: wane irin wasa ne, yana cin data, za a sake biya?

Naku,
Mai rumfar caji, Gazawa