Idan Takwara Ya Haɗiye Takwara

A watan Mayun 2024 labari ya bazu cewa Ibrahim Babangida ya rasu a haɗarin mota a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Labarin gaskiya ne. Sai dai duk wanda ya tsaya a kanun labarin bai gangara cikinsa ba, Minna zuciyarsa za ta nufa, gidan Janar ɗin da ya mulki Nijeriya daga 1985 zuwa 1993. Alhali wanda Allah ya yi wa rasuwar ɗan ƙwallo ne, ƙanen Tijjani Babangida. Yana cikin matasan da suka ciyo wa ƙasar nan kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan, tare da su Nwankwo Kanu da Wilson Oruma.

Wani abin mamaki, a 1993 aka ci kofin nan. A ƙarshen watan Agustan shekarar Janar Babangida ya sauka daga mulki, bayan rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, kuma a daidai makonnin nan ne takwaransa yake can yana murza leda, har suka doke Ghana a wasan ƙarshe a farkon Satumba. Ga shi kuma tun kafin lokacin 'yan jarida sun laƙaba wa Janar ɗin Maradona, saboda iya yanka da shan kwana a siyasa. Soja ya ari sunan ɗan ƙwallo, ɗan ƙwallo kuma yana yawo da sunan soja.

Da abin ya tsaya a nan, da sai mu yi murmushi mu wuce. Amma bari mu ɗauki Abba Kyari. Mutum uku ne suka yi fice da wannan suna a ƙasar nan. Akwai Birgediya Abba Kyari, gwamnan soja na Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedikwata a Kaduna, daga 1967 zuwa 1975, wanda ya rasu a 2018. Akwai Malam Abba Kyari, lauya kuma tsohon shugaban bankin UBA, wanda ya riƙe muƙamin shugaban ma'aikatan fadar Shugaba Buhari har cutar korona ta yi ajalinsa a watan Afrilun 2020. Sai kuma ɗan sandan nan da ya yi suna wajen farautar masu garkuwa da mutane, wanda aka dakatar a 2021 bayan hukumomin Amurka sun ambaci sunansa a shari'ar Hushpuppi, sannan hukumar NDLEA ta tuhume shi a 2022. Ya musanta tuhumar, kuma yanke hukunci aikin kotu ne, ba na wannan fili ba. Tambayata ita ce: yaron da aka haifa a 2010, idan ya rubuta Abba Kyari a wayarsa, wanne zai fara gani? Mutumin da ya mulki jiha shekara takwas, har da shekarun yaƙin basasa, ya koma can ƙarshen layi, in ma an tuna da shi. Shi kuwa shugaban ma'aikatan, da yake ba ya nan balle ya yi magana, ba wuya wata rana a jingina masa labarin da ba nasa ba.

Wannan shi ne abin da ke damuna. Suna ɗaya ba ya rabuwa daidai tsakanin masu shi. Wanda ya fi amo a yau shi ke kwashe shi duka, sauran kuma ko dai a manta da su, ko a ɗora musu kayan da ba su ɗauka ba. Ka ce Bala Muhammad a yanzu, kowa Kauran Bauchi zai kawo a ransa, gwamnan jihar tun 2019. Masu karatun jarida wataƙila su tuna da marubucin nan da ya jagoranci A Daidaita Sahu a Kano. Nawa ne za su tuna da Dokta Bala Muhammad, malamin kimiyyar siyasa, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara, wanda aka kashe a tarzomar Kano ta ranar 10 ga Yulin 1981? Mutumin da ya rasa ransa a kan siyasar da ya yi imani da ita bai cancanci ya ɓace a bayan sunan wani ba.

Ba laifin sunayen ba ne. Mun daɗe da sanin cewa rumbun sunayenmu ƙarami ne: Muhammadu, Abubakar, Umaru, Usmanu, Aliyu, Ibrahim, haka ake ta juyawa, domin neman albarka da kuma mayar da sunan iyaye. Saboda haka ne Bahaushe ya tanadi abin rarrabewa tun tuni. Akwai laƙabi, akwai alkunya, akwai sarauta, akwai sana'a, akwai sunan gari. Abubakar huɗu sun cika Arewa da suna, ba wanda ya taɓa rikita su: Tafawa Ɓalewa na mulki, Imam na alƙalami, Gumi na malanta, Rimi na siyasa. Kai, shi kansa Babangida asalinsa alkunya ce ta yaron da aka sa wa sunan kakansa, haka ma Abba. Takardun makaranta da na gwamnati ne suka mayar da irin waɗannan sunayen yanka, suka daskarar da su, har abin da aka ƙirƙiro don ya rarrabe mutane ya koma yana haɗe su.

Malaman da suka gabata sun ɗauki wannan matsala da muhimmancin da ya kamata mu ji kunya idan muka kwatanta da namu. A ilimin hadisi akwai fanni sukutum da ake kira Muttafiƙ wal Muftariƙ, wato mutanen da sunansu ya zo ɗaya amma su daban ne, kuma Khaɗibul Bagdadi, wanda ya rasu a 463 bayan hijira, ya wallafa littafi a kansa. Dalilin a fili yake: idan amintaccen mai ruwaya da mai rauni suka yi tarayya a suna, ingancin hadisi ya rataya ne a kan gane wanne ake nufi. Ibnu Kasir mai ƙira'a, mutumin Makka, ya rasu a 120; Ibnu Kasir mai tafsiri ya rasu a 774, tsakaninsu fiye da shekara 650. Ibnu Rushd biyu ne, don haka aka ce da ɗaya Kaka, ɗaya kuma Jika, mai littafin Bidayatul Mujtahid, wanda ya haɗa fiƙihu da falsafa da likitanci. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike mai Ahkamul Ƙur'an, daban yake da Muhyiddini Ibnu Arabi, sufin nan mai Futuhatul Makkiyya, ko da yake dukansu 'yan Andalus ne. Wanda bai san wannan ba zai iya hawa mumbari ya yabi ɗaya da aikin ɗayan, ko ya soki ɗaya da maganar da bai faɗa ba.

Mu da muka gaji wannan tarbiyya, sai ga shi mun fi kowa sakaci. Kanun labari ya zo da suna biyu tsirara, ba sarauta, ba gari, ba sana'a. Mai haɗa shafi ya shiga intanet ya ɗauko hoton da ya fara cin karo da shi ya liƙa. Daga nan Facebook da WhatsApp su ɗauka, kafin gyara ya fito ƙarya ta riga ta yi fure. Manya ma da sauƙi, suna da masu magana da yawunsu. Talakan da sunansa ya yi daidai da na wani da ake nema, shi ne zai tsaya gaban kanta a banki ko a ofishin fasfo yana rantsuwa cewa ba shi ba ne.

Abin da nake roƙon editoci da masu karanta labarai a rediyo bai fi kalma biyu ko uku ba. A ce marigayi Abba Kyari na fadar shugaban ƙasa, ko Birgediya Abba Kyari na Kaduna. A ce Ibrahim Babangida ɗan ƙwallo, tun a kanun labarin, ba sai a sakin layi na uku ba. Masu koyar da tarihi a makarantu kuma, idan sun zo kan Jamhuriya ta Biyu a Kano, su faɗa wa yara cewa an yi wani Dokta Bala Muhammad, su faɗi aikinsa, su faɗi ranar da aka kashe shi.